Babi na Bakwai: Daren Aron Fuska

Duk shekara idan Oktoba ta zo ƙarshe, hotuna iri ɗaya ne ke cika mana wayoyi. Yara da manya a Amurka da Ingila sun yi shigar ƙwarangwal, wasu ta mayu, ga kabewa an fafe ta an yi mata idanu da haƙora, an kunna kyandir a cikinta an ajiye a bakin ƙofa. Daga nan sai tambaya ta taso a majalisa: wai mutanen nan me suke nema? Tsafi ne, ko ƙoshi ne ya yi musu yawa? Kuma duk Turawa ne ke yin haka?

Tambayar ƙarshe ta fi sauƙin amsa. A'a, ba dukansu ba ne. Akwai Bature da yawa da wannan biki, Halowin, baƙon abu ne a wurinsa kamar yadda yake a wurinmu, alhali shi ma yana da tasa ranar da yake fita titi cikin shigar da ko mahaifiyarsa ba za ta gane shi ba. Cikin waɗanda suka fi saurin gano wannan bambanci akwai mutanen da muke bin sawunsu tun farkon littafin nan, wato masu farautar ɓoyayyun akwatuna, 'yan wasan Geocaching.

Su wa ke kewaye da teburin?

Bari mu tuna asalin wasan a taƙaice. Har cikin shekarar 2000, gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon GPS da farar hula ke samu daga taurarin ɗan'adam, ta yadda na'ura kan iya kauce wa wuri da kusan mita 100. Ranar 2 ga Mayu na shekarar aka cire wannan takunkumi. Washegari wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti, ya zuba 'yan tarkace da ɗan littafin sa hannu da fensir, ya ɓoye shi a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanya lambobin wurin a intanet ya ce mai iyawa ya nemo. Dokarsa gajeriya ce: ka ɗauki abu, ka bar wani abu, ka rubuta sunanka. A watan Satumba Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com, kuma yau akwatunan da ke ɓoye sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190. Bayan Amurka, Jamus ce ta fi yawansu. A Afirka kuwa Afirka ta Kudu ce kan gaba. A Najeriya da Nijar sai an tona.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne wani nau'i na wasan da babu akwati a cikinsa. Ɗan wasa yakan sanar a shafin cewa ran kaza da ƙarfe kaza zai zauna a wuri kaza, duk mai so ya zo. Ka'ida ita ce a sanar tun da makonni biyu, zaman kuma kada ya gaza rabin awa. Wasu tarurrukan manya ne: wanda aka yi a Munich a 2014 shi ne na farko da ya tara mutum sama da 5,000. Amma mafi yawa ƙanana ne, kuma matafiya sun fi kowa kiransu. Mutum ya je hutu ko aiki wata ƙasa, bai san kowa ba, sai ya kira zama a bakin wani dandali ko shagon shayi. Mutum biyar ko goma su hallara, 'yan gari da baƙi, a sa hannu a takarda, a yi musayar ƙananan kayan da ke yawo daga akwati zuwa akwati. Idan hirar akwatuna ta ƙare, sai a gangaro kan abin da ido ke gani a gari. In zaman ya faɗo ƙarshen Oktoba, ko watan Fabrairu, abin da ido ke gani shi ne mutane cikin ɓad-da-kama.

Ku a Oktoba, mu a Fabrairu

A ce Ba'amurke ne ya kira zaman a birnin Kolon na Jamus, daren 31 ga Oktoba. Ya zo da hularsa ta mayu da jakar alewa, yana jin yau ranar kowa ce. Abu na farko da zai ji daga bakin 'yan gari shi ne ya yi sammako da yawa. Su lokacinsu yana buɗewa ne ranar 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 da minti 11 na safe, kuma wannan buɗewa ce kawai. Ainihin shagalin Kanibal sai makon da ke gaban azumin Kirista na kwana 40, wanda yakan faɗo a Fabrairu ko farkon Maris. Ranar 31 ga Oktoba kuwa, a jihohi da dama na Jamus hutu ne na tunawa da Martin Luther da gyaran coci na 1517, babu ruwanta da ƙwarangwal.

Da za a zagaya teburin, kowane tsuntsu kukan gidansu zai yi. Mutumin Ostiriya zai ce nasu dodannin masu ƙaho da gashi, Krampus, suna fitowa ne daren 5 ga Disamba. Mutumin Basel a Suwizalan zai ce su sai kowa ya gama suke farawa: ƙarfe 4 na asubahin Litinin ɗin da ke bin shigar azumi ake kashe fitilun tsakiyar gari, masu sarewa da ganguna su fito da manyan fitilu masu zane, a yi awa 72 cif. 'Yar Finlan za ta ce nasu mayun ƙananan yara ne, kuma a lokacin Ista suke fita. Bayahude zai kawo Purim, a watan Adar na kalandarsu, inda ake tuna kuɓutar Yahudawan Farisa a zamanin Esta da shiga iri-iri da aika wa juna abinci da ba matalauta sadaka.

Ranakun sun bambanta, amma a lura da inda suke faɗowa. Kusan dukansu suna bakin wata iyaka ce ta shekara: ƙarshen girbi da shigowar sanyi, ko ƙarshen sanyi, ko jajibirin azumi, ko daren sabuwar shekara. Halowin kanta haka take. Tushenta yana Ailan da Sikotilan, inda a da mutane suke ɗaukar farkon Nuwamba a matsayin rufewar kaka da buɗewar duhun hunturu, sannan coci ta zo ta ɗora ranar tunawa da waliyyai a kan 1 ga Nuwamba. 'Yan Ailan da yunwar shekarun 1840 ta kora ne, da sauran masu ƙaura irinsu, suka tsallaka da al'adar zuwa Amurka. Kabewar ma a can aka same ta. A gida wata saiwa mai tauri suke fafewa. Yawon yara gida-gida don karɓar alewa bai zama ruwan dare a Amurka ba sai bayan yaƙin duniya na biyu.

Ba a karɓa a banza

A nan hirar ke yin daɗi, domin a nan ake fara musu. Yaron Amurka ya buga ƙofa, ya faɗi 'yan kalmomin da ke nufin a ba shi ko ya yi ɓarna, a zuba masa alewa, ya wuce gida na gaba. Mutumin Sikotilan ba ya ganin wannan a matsayin tarbiyya. A tasu al'adar, wadda ta girmi ta Amurka, yaro ba ya karɓar komai sai ya yi wani abu: waƙa, ko barkwanci, ko karanta 'yan baitoci. A Finlan yarinya takan ɗaura kallabi, a ɗiga mata ɗigo-ɗigo a kunci, ta riƙe reshen itace da ta ƙawata da gashin tsuntsu da takardu masu launi, ta yi wa masu gida fatan lafiya a shekara, ta miƙa reshen, sannan a ba ta cakulan. A yankin Rhine da wasu sassan Holan, daren 11 ga Nuwamba yara ke fita da fitilun takarda da suka haɗa da hannunsu don tunawa da waliyyi Martin, su rera waƙa a bakin ƙofa kafin a sallame su.

Mai karatu Bahaushe ya riga ya gane inda aka dosa. Da akwai ɗan Kano ko Zariya ko Damagaram a teburin, da shi za a fi saurare. Azumi ya kai goma, an sha ruwa, sai yara su cika lunguna. Wannan ya manna gemun auduga ya tokare da sanda yana tafiya da ƙyar, Tsoho da Gemu ke nan. Wancan ya rataya layu da saiwoyi yana tallan maganin kowace cuta, Jatau Mai Magani. 'Yan mata na nasu, Samodara da Mairama da Daudu, suna kwaikwayon zaman aure da abin da ke cikinsa. A yi sallama, a shiga tsakar gida, a yi wasan har ƙarshe, sannan uwar gida ta ɗebo hatsi ko ta kwance bakin zani ta ba da 'yan kuɗi. Ɗan tashen da ya shiga gida ya tsaya ƙyam yana miƙa hannu, ba tashe ya zo ba, bara ya zo.

A ganina namu da na Sikotilan da na Finlan sun fi na Amurka armashi, kuma dalilin ba son kai ba ne. Inda ake yin wasa kafin a karɓa, yaro yana koyon tsayuwa gaban manya, yana haddace waƙa, yana haɗa kayan shigarsa da abin da ya samu a gida. Inda alewa kawai ake zubawa, abin da ya rage shi ne gasar wa ya fi cika jaka.

Kuma tashe ba shi kaɗai ba ne a ƙasashen Musulmi. A Kuwait da Katar da Bahrain, tsakiyar Ramadan yara kan sa kayan gargajiya, su rataya jaka a wuya, su bi gidaje suna waƙa ana ba su alewa da dangin gyaɗa. A Senegal daren Ashura ne, maza su yi shigar mata, mata su yi ta maza, a bi gari da kiɗa. A wasu yankunan Maroko samari kan lulluɓa da fatun dabbobin layya bayan Babbar Salla. A Wagadugu kuwa wasan Dodo da yara ke yi cikin azumi da fuskokin dabbobi, masu bin tarihinsa suna danganta zuwansa ne da fataken Hausawa.

Abin da shigar ke halattawa

Saura babbar tambaya: don me sai an ɓad da kama? Ai ana iya raba alewa ba tare da an rufe fuska ba.

Mutanen Kolon da maƙwabtansu sun fi kowa amsa wannan. Ranar Alhamis ta makon Kanibal, mata ne ke da gari. A Beuel, wani sashe na birnin Bonn, tun 1824 mata masu wankau suka kafa ƙungiyarsu ta wannan rana, kuma har yau mata kan yi wa ofishin magajin gari tsinke su karɓe mabuɗi. Namijin da ya fito da laktaye a wuya, da almakashi za a datse masa shi, ko da shi ne shugaban ma'aikata, kuma ba shi da bakin ƙorafi. Ranar Litinin manyan motoci ke ratsa gari ɗauke da mutum-mutumin shugabanni, na gida da na waje, an zana su cikin siffar da jarida ba za ta kuskura ta buga ba a ranar da ba ta biki ba. Na Düsseldorf, da Jacques Tilly ya shahara da ƙerawa, sun fi kowa rashin kunya. Daga kan motocin Kolon ana watsa wa jama'a alewa da cakulan da ake kiyasta nauyinsu da tan 300. Sai daren Talata a ɗauko wani mutum-mutumin ciyawa da aka rataye a ƙofar mashaya tun farkon mako, a ɗora masa laifin duk abin da aka aikata, a ƙone shi. Laraba da safe kowa ya koma bakin aikinsa da laktayensa.

Wannan shi ne aikin fuskar aro. Izini ce ta ɗan lokaci, wadda gari duka ya amince da ita, ta a faɗi abin da ba a faɗa, ƙarami ya taɓa babba, a yi dariya a wuce. Yaron da ya naɗa rawanin tsumma yana kwaikwayon malamin da aka ce ya yi rawa yana musantawa, ba zai iya haka a gaban malam ranar wata Asabar ta banza ba. Nalako da jama'arsa a Kano, da suke farautar gwauraye cikin azumi su ɗaure su a zaga gari da su, abin da suke faɗa da kiɗa shi ne abin da dangi ke faɗa da tsegumi: malam, a yi aure.

Wani wurin kuma izinin na tsoratarwa ne. A yankin Oga da ke arewacin Japan, daren 31 ga Disamba samari kan sa fuskokin dodanni da rigunan ciyawa, su riƙe wuƙaƙen katako, su faɗa gidaje suna ruri suna neman malalata da yara masu kuka. Yara su ɓuya bayan iyaye, maigida ya zaunar da dodannin, ya ba su abinci da giyar shinkafa, ya ba su tabbacin cewa kowa a gidan zai gyara. Sunansu Namahage, kuma a 2018 UNESCO ta sa su cikin al'adun da duniya ke tattali. Kowa ya san ɗan gidan wane ne a cikin ciyawar, ban da yaran.

Izinin yana da iyaka, kuma iyakar tana matsawa. A Holan an daɗe ana shafa baƙin fenti a fuska, da jan baki da gashin roba, don fitowa a matsayin Zwarte Piet, mai yi wa Sinterklaas, dattijon da ke raba wa yara kyauta, hidima a farkon Disamba. Baƙaƙen fatar ƙasar da masu goya musu baya suka ce wannan ba wasa ba ne, siffar bawa ce. An yi shekaru ana tafka rigima, har a 2019 babban bikin da ake nunawa a talabijin na ƙasa ya koma amfani da 'yan shafe-shafen toka kawai. Wannan batu ne da kan sa teburin ya yi tsit, kuma ni ina ganin masu ƙorafin ne da gaskiya. Aron fuskar mai mulki don a yi masa dariya daban, aron fuskar wanda aka taɓa sayarwa daban.

Hannun kasuwa

Idan akwai ɗan Mekziko a wurin, zai gaji da bayanin cewa nasu ba Halowin ba ne. Ranakun 1 da 2 ga Nuwamba iyalai ke share kaburburan 'yan'uwa, su jera hotunansu da furanni ruwan goro da abincin da mamacin yake so, wasu su kwana a maƙabarta. Ziyara ce da tunawa, ba tsoro ba. Amma ga abin mamaki: gagarumin jerin gwanon masu shigar ƙwarangwal da ake nunowa daga birnin Mekziko bai da tsufa ko kaɗan. Fim ɗin James Bond mai suna Spectre ne ya ƙirƙiro shi a 2015, hukumomin birnin suka ga masu yawon buɗe ido za su zo nemansa, suka fara shirya na gaske a 2016.

Jamusawa ma suna da irin wannan labari. A 1991 an soke manyan jerin gwanon Kanibal saboda yaƙin Tekun Fasha, masu sayar da kayan shiga suka tafka asara, kuma cikin shekarun da suka biyo baya su ne suka dage wajen tallata Halowin a ƙasar. A Amurka, ƙungiyar 'yan kasuwar sari da sayarwa ta ƙasar ta kiyasta kuɗin da za a kashe a Halowin ta 2023 da dala biliyan 12.2. Wanda ya tambaya ko tsafi ne, to ga inda akasarin ƙarfin abin yake a yau. Wannan ba fatawa ba ce. Malaman Musulunci da dama sun hana shiga bikin, akwai kuma coci-coci da ba sa yi, kuma kowa ya san wanda yake bi.

Idan ƙofa ta daina buɗuwa

Akwai dalilin da ya sa masu farautar akwati ke kama wannan zance da wuri fiye da sauran matafiya. Wasansu gaba ɗaya a kan amana ya tsayu. Ka ɓoye abu a bainar jama'a, ka gaya wa duniya inda yake, ka yarda cewa wanda ba ka taɓa gani ba zai buɗe ya mayar yadda ya same shi. Sun kuma san abin da ke faruwa idan amana ta yi rauni. A 2011, a garin Wetherby na Ingila, wani ya ga mutum yana laɓe-laɓe da ƙaramin akwati, ya kira 'yan sanda. Aka rufe tsakiyar gari, jami'an kwance bam suka tarwatsa akwatin. Na wasa ne.

Buɗe wa mai rufaffiyar fuska ƙofa da dare yana buƙatar amanar da ta fi wannan. Shi ya sa al'adun nan suke ramewa a duk inda maƙwabta suka daina sanin juna. A wurare da yawa a Amurka iyaye sun koma tara motoci a harabar coci ko makaranta, yara su bi but-but suna karɓar alewa maimakon gida-gida. A Oga matasa sun ƙaura birni, wasu ƙauyukan sun rasa masu shiga rigar ciyawa. A Kano, cikin 'yan shekarun nan rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da tashe, tana cewa 'yan daba da masu ƙwacen waya suna fakewa da shi.

Inda aka bar unguwa aka koma cincirindo a titi kuwa, haɗarin wani iri ne. Daren 29 ga Oktoba 2022, dubban matasa masu bikin Halowin suka cushe a wani siririn lungu mai gangara a Itaewon, cikin birnin Seoul na Koriya ta Kudu. Mutum 159 suka rasa rayukansu. A shekarar da ta biyo baya hukumar Shibuya a Tokyo, inda matasa suka saba yin irin wannan dandazo, ta fito fili ta roƙi jama'a kada su zo.

Rabin awa ba ya isar wannan hira, kuma yawanci sai mai shago ya fara kife kujeru ake tashi. Kafin a watse, akwai abu ɗaya da ba a mantawa: kowa ya zazzage jakarsa a kan tebur, a baje ƙananan kayan nan masu ɗauke da lamba a jikin ɗan ƙarfe, mai komawa Kanada ya ɗauki wanda ya fito daga Poland, mai zuwa Afirka ta Kudu ya ɗauki na Japan. Yadda ɗan abin wasa ke zaga duniya daga hannun baƙo zuwa hannun baƙo, har ɗaya daga cikinsu ya kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2013 tare da ɗan sama jannati Rick Mastracchio, shi ne abin da za mu duba a babi na gaba.